Giwar Injiniya

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Kina dai shan maganin, ko kin sake tura shi bayan kabad kamar yadda kika saba?

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya ma mun yi waya. A waya ba na iya sakin bakina ne. Maigidana Injiniya yana falo daga safe har yamma, kuma cutar nan ta shanye masa hannu da ƙafa na dama, ta nauyaya masa harshe, amma kunnen nan nasa ko kusa ba ta taɓa shi ba. In na yi raɗa a kicin yana ji.

Jikin nasa da sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu yana iya miƙewa da sanda, ya taka daga falo zuwa ɗaki in ina gefensa. Magana ce dai sai a hankali, kalma ɗaya ta fito, ta biyu ta tsaya neman hanya. Malamar da ke masa gashi a asibiti ta ce in muka dage da zuwa, hannun ma zai dawo ko da rabi ne.

To zuwan ne matsalar, Yaya, kuma a kansa na ɗauki biro. Maganar Giwa ce. Kin tuna ranar da ya shigo da ita gidan nan, yara suka fito da gudu, 'yan biyu suka raɗa mata wannan suna? A lokacin ta dace da mu. Yara biyar, ga jakunkunan makaranta, ga shi kullum yana hanyar wuraren gini inda babu kwalta. Layi uku na kujeru, kowace da mai ita. Yau duk sun watse, masu aure na gidajensu, masu karatu na makarantunsu, an bar ni da ƙatuwar jif kamar ɗaki mai tayoyi. Tsawona kuwa kin san shi. Sai na ɗora matashi a kan kujera kafin in hango hancin motar. In zan shiga get ɗin makarantarmu, ɗalibai har tsayawa suke su ga yadda malamar lissafi ta kasa lissafin kwana. Ginshiƙin hagu ya sha fentin Giwa har ya kusa komawa kalarta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni sukuni shi ne hawa. Motar ta yi tsayi. Mai lafiya ma sai ya kama mariƙin sama ya ɗaga ƙafa, balle wanda ƙafa ɗaya ce ke jin maganarsa. Duk ranar asibiti sai na roƙi mai gadin layinmu da mai shagon da ke kallon gidanmu, ɗaya ya shiga ciki ya ja ta hammata, ɗaya ya tura ta baya, ni ina riƙe da ƙafar da ba ta motsi, kamar masu lodin buhu. Ranar Laraba a ƙofar asibiti, da za mu dawo, wasu masu jinya ne suka taimaka. Garin turawa tazugensa ya kwance, wando ya zame har gwiwa, a gaban duk mutanen da ke layin karɓar kati. Wata mata har da ɗaga waya. Ban san ko hoto take ɗauka ba, amma na watsa mata kallon da ya sa ta mayar da ita jaka. Shi kuwa ya rufe ido, bai buɗe ba har muka iso gida. Mutumin da ke tsayawa a saman bene yana ba leburori umarni, muryarsa na kaiwa har titi. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Sai kuma ƙazanta. Tun da ya kwanta, Giwa ta zama motar dangi. Ƙaninsa, wanda muke kira Ɗan Kwalisa, ba ya ma tambaya yanzu. Zai shigo ya ce sannu Yaya, ya jiki, idonsa na kan ƙusar da muke rataye makulli. Jiya ya dawo da ita. Da na buɗe ƙofa sai da na ja da baya na tofar da yawu. Ƙashin kaza a aljihun ƙofa, cingam manne a jikin sitiyari, robar madara ta fashe a ƙarƙashin kujera ta yi tsami, har da ƙunzugun jariri a naɗe, an cusa shi inda nake ajiye takardun asibiti. Ya fesa wani turare mai hawa kai wai don ya rufe warin, sai abin ya zama wari biyu. Tankin mai kuwa ƙayau. Ni na duƙa da tsumma da bokiti, don jibi a cikinta zan ɗauki mijina.

Shi ya sa nake tunanin a canza ta da ƙaramar jif, irin ta shugabar makarantarmu, wadda mutum zai juya kawai ya zauna. Amma ba zan ɓoye miki ba, Giwa na da ranarta. Kekensa na marasa lafiya yana shiga bayanta a tsaye, ba sai an naɗe ba. In ya gaji a hanya ina kwantar masa da kujera ya miƙe. In aka yi ruwan sama, tafkin da ke taruwa a bakin layinmu ita kaɗai ke ratsa shi. Kuma yana son ta, Yaya. Da yamma yakan sa in tura shi bakin taga, ya yi ta kallonta. Ban gaya masa komai ba tukuna.

Ki ba ni shawara, ke kin fi ni sanyin kai. Ki gaida maigidan da yaran duka.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Lahadi

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta sassauta. Takardarki ta iso, na karanta a ofishin malamai, na sake karantawa a mota. Kin ce in fara gaya wa mai motar kafin kowa. Gaskiyarki ce, da na bi maganarki da ban shiga abin da na shiga ba.

Cewa na yi bari in fara ganin motocin da idona, in ya so in zo masa da cikakkiyar magana, tunda kin san ba ya son a kawo masa zance rabi. Da aka tashi makaranta na biya wani filin sayar da motoci a kan babban titi. Dillalin da ya tare ni, ko tuna shi na yi sai tsigar jikina ta tashi. Tsinke a baki, ya sakace, ya duba abin da ya fito, ya mayar. Farcen ƙaramin yatsansa zaƙo-zaƙo, da shi yake sosa kunne, da hannun kuma yake shafa kujerun Giwa. Bai kalli fuskata ba sai da ya gama zagaye motar kamar mahauci ya ga saniya. Sannan ya ce, “Madam, maigidan ya rasu ne?” Na ce yana nan da ransa. Ya ce, “Ayya, to jinya ce,” yana murmushi kamar an yi masa albishir.

Na daure na duba ƙananan. Akwai wata ruwan toka da ta kwanta min a rai. Na zauna a ciki na ga titi tar ba tare da matashi ba, har na ji kamar in yi kuka. Amma da aka buɗe but sai jikina ya yi sanyi. Keken Injiniya ba zai shiga ba sai an naɗe shi, an kuma kwantar da kujerar baya. Cikinta kuma ya yi kusa da ƙasa, tafkin layinmu zai sha ta. Na fito ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Wautata ɗaya, da ya tambayi layinmu na faɗa masa.

Ranar Juma'a da yamma ina kicin sai na ji hayaniya a tsakar gida. Dillalin nan ne, ba sallama ba izini, ya kwaso wani mai ƙaton tumbi wai mai saye, suna dukan tayoyin Giwa da ƙafa, suna leƙen ƙarƙashinta. Injiniya na bakin taga yana kallo. Goggon yara kuma, babbar yayarsa, tana zaune a falo ta zo dubiya. Na kore su da tsawa, amma mai ji ya ji, mai gani ya gani.

Jiya Goggo ta tara min dangi a falona, har da waɗanda rabona da su tun yana kwance a asibiti. Ita ta buɗe taro. Ta ce mutum yana numfashi an fara raba kayansa, yau mota, gobe gida. Ɗan Kwalisa ya karɓe, ya ce motar nan mutuncin gidansu ce, in aka ga yayansa a 'yar ƙaramar mota shi ke nan duniya ta san ya ƙare. A gabansa fa ya faɗi haka. Suna ta magana ta saman kansa kamar kujera ce aka ajiye a tsakiyarsu. Ana cikin haka yawu ya zubo masa ta gefen baki. Goggo ce a kusa da shi. Wallahi Yaya, kawar da kai ta yi, ta janye mayafinta kada ya taɓa. Ni na taso daga ƙarshen falo na goge masa.

Na ce musu na ji, ba za a taɓa mota ba, amma a cikinsu wa zai riƙa zuwa ranar asibiti ya ɗaga shi? Nan take kowa ya samu abin dubawa a wayarsa. Can Ɗan Kwalisa ya bugi ƙirji ya ce shi zai riƙa kai shi ya dawo da shi, in yi zamana a wurin aikina. Aka yi ta sa masa albarka. Suka cinye abin da na dafa, suka bar min kwanuka da ɓawon lemo a kan kafet, suka tafi.

Duk wannan bai dame ni kamar shirun Injiniya ba. Na zauna a gabansa na yi masa bayani tun daga farko, na ce don shi na yi, ba don kaina ba. Ya juya fuska bango. Da ƙyar ya fitar da kalma ɗaya: “Ɓoye.” Shekarun nan duka ban taɓa ɓoye masa komai ba, sai yanzu da ba shi da bakin yi min faɗa.

Na haƙura da maganar, Yaya. Giwa ta zauna. In dai zai dawo yana kallona, zan ci gaba da goge ginshiƙin makaranta har ya faɗi.

Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga mutanen gida.

Taki har kullum,
Auta


Ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kin tuna Ɗan Kwalisa ya ɗauki alkawarin kai yayansa asibiti. Makon farko ya yi abin kirki, har na fara jin kunyar zargin da nake masa. Jiya da safe ya zo ya ɗauke shi kamar kullum, ni kuma na bi motar makaranta. Gashin ba ya wuce hantsi. Ana dab da tashi, ina tsakiyar darasi, aka kira ni a waya. Malamar gashi ce. Ta ce in zo, maigidana na nan zaune a baranda tun da ta sallame shi.

Ashe da ya tura shi ciki sai ya ce zai je ya sha mai ya dawo. Bai dawo ba. Malamar ta wuce ta gan shi, ta tambaya ko a kira gida, ya girgiza kai. Ta sake wucewa, ya sake girgiza kai. Ƙaninsa yake jira, ba ya so in sani. Fitsari ya matse shi, bayin yana can ƙarshen baranda, hannu ɗaya ba ya tura keke, bakin kuma ya ƙi ba shi kalmar da zai roƙi wani. Da na iso na same shi a jiƙe, abin ya bi ƙafar keken ya kwanta a kan siminti, ƙudaje na bi. Mutanen da ke benci sun ja can gefe sun bar shi shi kaɗai, wani ya toshe hanci da hula. Na cire mayafina na rufa masa a cinya. Malamar, Allah ya saka mata da alheri, ta buɗe mana wani ɗaki, ta samo wandon asibiti, muka gyara shi.

Na kira Ɗan Kwalisa har na gaji, waya a kashe. Sai na tare tasi, wata tsohuwar ƙaramar mota da ƙofarta ke ƙara. Direban ya naɗe keken ya cusa a but, ya ɗaure murfin da igiya. Ina ta waige-waigen wanda zai taimaka mana ɗagawa, sai na ga Injiniya ya dafa sanda, ya juya baya, ya zauna. Ya shigar da ƙafar hagu da kansa, ni na ɗaga ta dama kawai. Shi ke nan fa. Babu mai ja, babu mai turawa, babu wanda ya ko kalle mu. A hanya ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, bai saki ba har ƙofar gida.

Bayan magariba sai ga gogan ya shigo yana wani huci, wai taya ce ta yi faci, waya kuma caji ya ƙare. Na miƙa masa hannu. Na karɓi makullin na rufe ƙofa.

Yau da safe ɗaya daga cikin 'yan biyu ta turo min bidiyo daga makaranta, ta rubuta, “Mama, wannan ba Giwa ba ce?” Ita ce. A ƙofar wani otal, wasu samari masu waƙa suna ɗaukar faifai. 'Yan mata sun hau kan bonet da takalma masu tsini suna rawa, wani yana tsiyaya lemon kwalba a gilashin gaba. Ɗan Kwalisa na jingine da ƙofa da baƙin tabarau yana kaɗa makulli a yatsa. Matashin da nake tallafe hannun Injiniya da shi yana yashe a ƙasa, wani ya ɗora ƙafa a kai. Jiya aka ɗauka, daidai lokacin da yayansa ke zaune cikin ƙudaje. Yarinyar ta bincika ta ce ba wannan ne na farko ba, ashe ya daɗe yana ba da hayarta. Mutuncin gidansu ke nan.

Na shiga bayi na yi amai, Yaya. Ba misali nake miki ba, amai na yi.

Na kira Goggo na faɗa mata. Ta ce a yi haƙuri, yaro ne. Yaro mai furfura a gemu! Ba ta tambayi yadda ƙaninta ya kwana ba.

Na so in ɓoye wa Injiniya bidiyon, sai na tuna abin da ɓoyo ya jawo min. Ina cikin wannan tunani a kicin sai na ji yana buga sanda a ƙasa. Ashe ya ji kiɗan. Na fito, ya miƙo hannu ya ce, “Waya.” Na ba shi. Ya kalla har ƙarshe, ya sa na maimaita masa, sannan ya miƙo min ita ya ce in tura shi ɗaki. Yana can har yanzu. Ban san abin da ke ransa ba.

Ki kira ni in takardar nan ta iso, amma ki yi hirar jikoki kawai.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya maigidan, yaya ƙafa? Na gode da kiran da kike ta yi, ko hirar jikokin ma tana rage min nauyi.

Washegarin ranar da na rubuto miki, ina ba shi shayi sai ya ce, “Tef.” Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya nuna durowar da kayan aikinsa suke. Tef ɗin awonsa yake nufi, wanda rabonsa da shi tun kafin ya faɗi. Ya sa na tura shi ɗaki, ya riƙe kan tef ɗin, ni na ja, muka auna tsayin gadonmu, tunda daga kansa yake iya miƙewa ba wahala. Muka naɗe keken muka auna shi tsaye da kwance. Muka fita muka auna Giwa daga ƙasa zuwa kujera. Ya dubi lambar, ya dubi ta gado, ya yi wani ɗan tsaki irin wanda yake wa magina in sun karkata bango. Rabon da in ji tsakin nan har na manta. Wallahi daɗi ya yi min kamar waƙa.

Ranar Asabar muka ɗauki tasi zuwa wani wurin sayar da motoci daban, ba na mai tsinken nan ba. Wani dattijo ne a wurin, mai haƙuri, ya bar mu muka yi ta aune-aunenmu. Na nuna wa Injiniya irin ruwan tokar da nake so. Ya sa aka buɗe ƙofa, ya auna, ya girgiza kai: ba ta buɗewa sosai, kuma kujerar ta yi ƙasa, zama zai yi sauƙi amma tashi sai an ja shi. Ni ban ma yi tunanin tashi ba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan wata da kujerarta ta yi daidai da gadonmu. Ya gwada shiga, ya gwada fita, ya sake. Yaya, kalarta kore ce, koren kwaɗo. Na ce a duba ko akwai wata kala. Babu. Na ce ni fa za a gani a ciki kullum. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya, gefen bakinsa ya motsa. Dariya yake min. Nan muka daidaita da dattijon, zai karɓi Giwa ya ba mu ita.

Labari ya kai wa dangi, don haka ranar Lahadi sai ga Goggo da Ɗan Kwalisa. Ya durƙusa a gaban keken yana murza ido, wai sharrin shaiɗan ne da abokai. Goggo ta ce tunda dai an nace sai an rabu da motar, bai kamata ta fita daga gida ba, a ba ƙaninsa riƙo, duk mai buƙata a dangi ya same ta a wurinsa. Kin ji fa. Ko kunya babu.

Injiniya ya bari suka gama. Sannan ya fara haɗa magana, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsatso masa. Na matso zan taimaka, ya ɗaga min hannu. Ya kalli ƙaninsa ya ce, “Ka… bar ni.” Muka jira. “Cikin… fitsari.” Goggo ta buɗe baki, ya buga sanda a ƙasa. Ya nuna ƙofa ya ce, “Fita.” Wannan kalmar tar ta fito, ko gargada babu.

Kafin a zo ɗaukar Giwa na kai ta wurin wanki, na sa aka ciro kujerun baya. Abin da aka kwaso daga ƙarƙashi ba zan rubuta miki duka ba, kada in ɓata miki cin abinci: guntun gashin kanti, murafun kwalabe, wani abu da ya narke ya yi gashi-gashi. A cikin tarkacen har da safar makaranta ƙwaya ɗaya, 'yar mitsitsiya, ta ɗaya daga cikin yaran. Na so in ɗauka, amma ta jiƙe da abin da ban san ko mene ne ba. Na bari aka share da ita.

Jiya dattijon ya aiko aka tafi da ita. Injiniya ya sa na tura shi har gabanta. Ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya bi ƙarcen da takalman nan suka yi da babban yatsa, ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannu ya ɗaga wa direban kai. Da ta fita get na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ina gyara birkin keke. Ni kaina tsakar gidan ya yi min faɗi.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta


Ranar Juma'a

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da jikoki, da fatan gwiwa ta bar ki kina barci. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Kin tambayi yadda muke da sabuwar motar. Ba zan yi miki ƙarya ba, tana da nata. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi mun isa bakin layi muka tarar da tafki, dole na juya muka fasa asibiti, ina ta ƙunƙuni. Naɗe keke da cusa shi a baya yana ci min ƙugu. Ɗalibaina kuma sun raɗa mata Kwaɗo tun ranar farko. Amma mai gadi da mai shago yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Injiniya yana fitowa da sandarsa, ya buɗe ƙofar gaba, ya zauna, ya ja bel da hannun hagu. Sabon aikin da ya samu shi ne gyara min tuƙi. “Birki.” “Hagu.” “A hankali.” Malamar gashi ta ce maganarsa ta ƙaru sosai, ta tambayi abin da muke yi a gida. Na ce ba a gida ba ne, a kan titi ne.

Dangi kuwa, tun da Giwa ta fita ƙafarsu ta ɗauke. Masu zuwa dubiya duk mako, masu kuka a falo, ko ɗaya. Ashe ba shi suke dubawa ba. Duk abincin da na yi ta dafa musu ya tafi a banza. Shi kuwa na lura in aka taɓa get yana ɗaga kai, sai ya ga mai kawo ruwa ne ya mayar. Wannan ne ba zan yafe musu da wuri ba.

Shekaranjiya Goggo ta kira, karo na farko tun ranar. Na ɗauka jikin ƙaninta za ta tambaya. Bayan gaisuwa sama-sama sai ta ce wai tana da tafiya ƙarshen wata, sabuwar motar mutum nawa take ɗauka? Na ce mata gaba ni da maigida ne, baya keke ya cinye rabi, saura kujera ɗaya, ita ma da mai ita. Ta ce wa? Na ce yayata. Ta kashe waya.

Injiniya na gefe yana ji. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna takarda da biro ya ce, “Rubuta.” Don haka saƙonsa ne nake isarwa, ba nawa kaɗai ba. An kusa ba mu hutu. Ki haɗa 'yar jakarki, ƙarama fa, don babba ba za ta shiga ba. Ranar Asabar ta sama za mu zo mu ɗauke ki, kuma kujerar daidai gwiwarki take, ya auna.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta